Azarar Bargar Kaka

Bazarar bana ta yi zafi irin na waccan shekarar da aka tashe mu daga Zango. Tun da hantsi kwanon rufi ke ƙara kamar ana taka shi. Awaki sun daina kuka, ruwan randa ya koma kamar an ɗumama shi. Cikin wannan zafin ƙanena Sani ya zo gidana da motarsa, wata Asabar. Ya gaishe ni, ya gai da matata Ladi, bai zauna ba. Ya wuce ɗakin ƙasar da ke kusurwar gida, wanda har yau muke kira ɗakin Inna, ya tsaya yana kallon sama.

"Yaya, azarar nan har yanzu ba abin da ya same ta."

"Me zai same ta?"

"Ina gyara gidan abincina na unguwar Zogona ne. Yanzu mutane kayan da suke so. Nasara, 'yan jami'a, duk. In na jera waɗannan a sama, na sa musu fitila, za ka ga dekor, ado na gaske. Ni kuma in rufe maka ɗakin da sabon kwano, har da silin."

Na ce ya zauna ya sha ruwa. Ladi ta kawo masa a kofi.

A Zango aka haife mu. Kakanmu ya zo daga Kano da jakuna, ya gina gida, ya gina barga a baya da rumbu biyu, tun lokacin da bayan Zango gonaki ne. Gari ya zo ya cinye gonakin, ya bar mana barga. A zamanina ba jaki a ciki, sai shanun kiwo biyu, tumaki, da harawa. Rumbunan kuwa muna zuba gero da dawa da muke nomowa a wata gonar aro a bayan gari. Rufin bargar soro ne, azara arba'in da ɗaya, ta giginya, da Kaka ya sa aka ɗauko daga kudu. Gara ba ta taɓa ci ba. Ni na san su ɗaya bayan ɗaya, don ban shiga lekol na yi boko ba, gini na koya wurin Baba, kuma duk shekara ni ke hawa in yi wa rufin yaɓe kafin ruwa.

Sai aka zo daga hukuma aka shafa wa bangonmu jan fenti, alamar rushewa. Aka shafa wa na maƙwabta, aka shafa wa unguwa duka. Aka ce gari zai yi kyau, mu ne muka tare hanya. An yi taro, an yi hayaniya, an yi addu'a. Ba abin da ya hana. Aka ba kowa parsel, wato filin gini, can ƙarshen gari, inda ba itace, ba famfo, sai jar ƙasa da tsakuwa. Aka ce kowa ya kwashe abin da zai iya, saura na katafila ne.

Baba ya rasu da daɗewa. Inna ce babba a gida, ta tsufa, ga ciwon ƙirji. Zafin kwano na toshe mata numfashi, shi ya sa duk rayuwarta a soro take kwana. Ranar da na kai ta ta ga parsel ɗin, ta dubi fili, ta dubi 'yan ɗakunan kwano da waɗanda suka riga mu suka kafa, ta ce, "Garba, kada ka kwantar da ni ƙarƙashin wannan gwangwanin."

Na ce, "Soro zan gina miki, Inna. Kafin ruwan fari."

"Da wace azara?"

"Da ta barga."

Magana ta ƙare nan. Ni ba na alkawari sau biyu.

Rushe gini aiki ne kamar gina shi. Wanda bai san gini ba yana ganin bugu ne kawai. Na fara da rumbuna. Muka kwashe hatsi a buhuna, na sauke jinka a hankali ba tare da ta tsinke ba, sannan na farfasa jikin rumbu na tara ƙasar wuri guda. Tsohuwar ƙasar rumbu ta sha ciyawa da tattaka, ba ƙasar da ta kai ta yin tubali. Daga nan na haƙe daɓen barga. Taki ne na shekara da shekaru, baƙi ƙirin, mai ɗumi ko a inuwa. Wannan na ba Rasmane, wani Bamoshe abokina daga unguwar Widi mai kurar jaki. Shi ya kai takin gonarsa, jakinsa ya kai kayana parsel. Haka muka shirya.

Rasmane yakan ce, "Ku Hausawa, har kashin shanunku ba ku bari a baya."

In ce, "Kai kuma ga ka kana roƙonsa."

Sai rufi. Ana hawa sama da diga da kwando, a kankare ƙasar rufi kaɗan-kaɗan, a sauke. A ɗaga zanar da ke ƙarƙashi. Sai azara ta fito fili, baƙa da hayaƙi, kowace kanta biyu cikin bango. Nan wahalar take. Bangon da ya riƙe azara tun zamanin Kaka ya zama dutse. Azara kuwa tana ɗaukar nauyin duniya in daga sama ne, amma in ka murɗe ta gefe sai ta tsage kamar rake. Dole a jiƙa bakin bango da ruwa, da yamma a zuba, da safe a ƙara, ƙasa ta yi laushi, a sa ƙarfe a rarake, sannan mutum biyu su zaro ta a miƙe. A yini in ka zaro uku ka yi ƙoƙari.

Ruwan ne babu. Famfon layinmu ya daina zuwa tun farkon zafi. Ladi takan fita da asuba ta kama layi inda masu tura barik, gangar ruwa, ke tsayawa, ta dawo rana ta take. Ruwan da ya shigo gida yana da tsari. Na sha da na Inna a randa. Na alwala a buta. Na tuwo. Abin da aka wanke kwanuka da shi ba a zubarwa, tumaki ke sha. Ni na karya wannan tsarin. Na ce duk ruwan wanke-wanke da na wanka a tara mini a bokiti. Ina hawa tsani da shi ina shayar da bango, tumaki na kallona suna haki. Da bai isa ba na sayi barik guda sukutum na juye wa bango.

Ladi ta ce, "Maigida, mutane na ƙishi kana ba bango ruwa."

"Bangon nan ke riƙe da ɗakin Inna."

Ta sa ɗankwalinta a ruwan wanka ta ɗaura a ka, ta koma bakin murhu.

Unguwa kuwa ta zama abin da ban iya mantawa. Ko'ina guduma. Kowa na cin gidansa da hannunsa. A da in mutum zai yi aiki irin wannan gayya yake kira, a yi kunu, a gama a yini. Wannan karon wa za ka kira? Kowa na bisa rufinsa. Mutane daga unguwar Paspanga suna yawo da kura suna taya ƙofofi da tagogi da tsohon kwano kamar ana rabon gadon wanda bai mutu ba. Ka wuce gidan da ka ci tuwon suna a ciki, ka ga ɗakin matar gida a buɗe, ba rufi, kalandar bara na maƙale a bango. Ƙusa ma ba a bari. Tsofaffi na zaune kan tabarma suna miƙe lanƙwasassun ƙusoshi da dutse suna tarawa a gwangwanin tumatir. Zafi na saukowa kamar an kifa maka tukunya. Hannuwana sun cika da sartsen azara, baƙaƙe, sirara kamar allura, Ladi na cire mini da yamma, wasu su karye a ciki su yi ruwa.

Sani a lokacin yana aiki a wani shagon takardu. Shi ya yi lekol, shi ke karanta mana duk takardar da ta zo, shi ya fara riƙe wayar hannu a gidanmu, yana rataye ta a ƙugu. Ya dawo wata Litinin ya same ni a sama.

"Yaya, nawa ka cire?"

"Tara."

"Tara. A kwana huɗu. An ce ranar Alhamis katafila za ta shigo layinmu. Alhamis ɗin nan."

"Wa ya ce?"

"Kowa ya sani. An kira ni an faɗa mini."

"To, ka cire rigar nan ka hau ka riƙe mini kai ɗaya."

"Ba maganar riƙe kai ba ce. Wannan aikin naka na zamanin da ne. Akwai hanya mai sauri. A sa kamiyo, babbar motar kaya, ya ja bangon, rufi ya sauko gaba ɗaya, ka tsince itatuwanka a ƙasa. Minti biyar, se fini, an gama."

Na sauko daga tsani don ya ji da kyau. Na ce, "Sani, azara ba itacen girki ba ce. In bango ya tafi, za ta murɗe. Kada ka taɓa mini bargar nan."

Ya yi dariya. "Yaya, kai da bangon nan kamar surukarka."

Ban yi dariya ba. Na ɗauka ya ji.

Washegari muka loda tara ɗin nan a kurar Rasmane, da jinkar rumbu a sama. Kafin mu tafi na shayar da kawuna shida, na ce da yamma zan zaro. Hanyar parsel da jaki rabin yini ce. Muka sauke, na rufe azara da jinka, muka juyo. Bayan la'asar muka shigo layinmu. Tun daga nesa na ga sama ta yi fili inda bai kamata ba.

Kamiyon wani direba ne, Idi, mutumin Maraɗi, yana tsaye a lungun baya, igiyar ƙarfe na kwance a bayansa. Barga babu. Tarin ƙasa ne, azara na leƙowa ta ko'ina kamar ƙashin da ya huda fata. Ladi ta ce ƙararta ba irin ta faɗuwar bango ba ce, ta ce kamar ana yayyaga sabon yadi, ɗaya bayan ɗaya. Inna na zaune bakin ɗakinta da carbi a hannu. Ba ta ja.

Idi ya matso yana murza hannu. "Malam Garba, ni dai an ce mini kai ka aiko."

Na ce ya ɗauki igiyarsa ya tafi.

Sani na tsaye, ƙura har gashin ido, yana murmushi irin na wanda ya yi abin kirki.

"Ka gani, Yaya? Na rage maka aikin kwana goma."

Na kama hannunsa na ja shi kan tarin. Na zaro guda ɗaya na ɗaga masa. Ta tsage tun daga kai har tsakiya, bakinta kamar tsintsiya. Na jefar, na zaro wata. Ta karye biyu. Wata kuma. Murmushin ya tafi.

"Ai na ƙasa za su fi..."

"Tona."

Muka tona har magariba, ni da shi da Rasmane. Washegari muka ci gaba. Cikin talatin da biyu, biyu muka samu lafiyayyu. Biyu. Kuma cikin shidan da na jiƙa da safe suke, bango ya sake su da kansa. Ban buge shi ba. Na so. Diga na hannuna, Rasmane ya zo ya karɓa, ya jingina ta can nesa. Inna ta kira ni, ta ce, "Garba, ƙanenka ne." Na ce na sani, shi ya sa har yanzu yake tsaye da ƙafafunsa.

Alhamis ta zo, katafila ba ta zo ba. Wata Alhamis ta zo, ba ta zo ba. Sai bayan kwana goma sha tara ta shigo layinmu. Na ƙirga. A kwana goma sha tara da na zaro su duka, har in huta Juma'a.

Ina jin haushin waɗanda suka shafa mana jan fenti, har gobe. Su suka sa tsoro a unguwa har mutum ya ji jita-jita a waya ya rushe abin da kakansa ya gina. Amma su ba su san azara ba, ba su san Inna ba. Sani ya san su duka, kuma na faɗa masa da bakina.

Azara goma sha ɗaya ba ta rufe ɗakin da na yi niyya. Na zana babba a ƙasa tun farko, mai wurin gado da randa da inda baƙi za su zauna. Na goge da ƙafa na zana ƙarami. Na je neman ƙari. A duk Zango masu soro sun riga sun sayar ko sun kwashe, sabuwa kuma babu a gari, wa ke kawo azara a zamanin kwano? Kwana shida na ɓata ina yawon nan, kwanakin da ya kamata ina buga tubali.

Muka tare a parsel ƙarƙashin rumfar tsohon kwano da buhuna. Nan na kwantar da Inna, inda ta ce kada in kwantar da ita. Da rana kwanon na sauko da wuta. Ladi na jiƙa zane tana rataya mata, kafin a jima ya bushe ƙamas. Numfashinta na fita da ƙara kamar ana busa kara. Ba ta yi mini ƙorafi ko sau ɗaya ba. Da ta yi da ya fi mini sauƙi. Abinci ya koma kunu da safe, tuwo sau ɗaya, miya ba mai. Shanun na sayar, don ba inda zan ɗaure su. Ruwa daga wata rijiya mai nisa, a kurar Rasmane in ya samu hali, a kan Ladi in bai samu ba.

Ina cikin buga tubali ruwan fari ya zo. Da azahar gabas ta yi baƙi, iska ta taso ta ɗauke kwano biyu daga rumfa. A Zango in hadari ya taso murna ake yi. Ranar na tsaya tsakiyar fili ina kallon tubalina ɗanye yana narkewa, ƙasar rumbun Kaka na bin ruwa ja-ja-ja zuwa kwari. Ladi ta rufe Inna da tabarma ta kwanta a kanta. Ƙamshin ƙasar da ruwa ya fara taɓawa, wanda nake so tun ina yaro, ranar na tsane shi.

Da ruwa ya ɗauke na bi kwari da kwando ina kwaso ƙasata. Na sake kwaɓawa. Aƙalla yanzu akwai ruwa a kududdufi. Sani ya zo ran Lahadi da buhun siminti a bayan babur, ya ajiye.

"Yaya, ga wannan, ko zai..."

"Ba a ɗora azara kan siminti. Ɗauke."

Ya bar shi nan. Ruwa ya buge shi ya zama dutse. Ladi ta yi shekaru tana wanki a kansa.

Kwana ashirin da uku Inna ta yi a ƙarƙashin kwano. Rasmane ya taya ni ɗora azara, muka shimfiɗa tsohuwar zanar barga, muka zuba ƙasa muka daɓe. Karyayyun ma ban bar wa katafila ba, duk na kwaso. Da su na yi kan ƙofa da taga, saura na kafa turakun awaki. Ladi ta so ta hura wuta da gutsattsarin, na hana.

Ranar da muka shigar da Inna, ɗakin bai gama bushewa ba. Tabarma ɗaya da randa suka cika shi. In mutum biyu suka zo gaishe ta, ɗaya a waje yake tsayawa. Ta kwanta ta dubi sama, ta daɗe. Sai ta nuna da yatsa.

"Waccan ta bakin ƙofa ce. Ga inda ubanku ke rataye igiya."

Na duba. Ƙusar na nan.

Ta ja numfashi, ya shiga har ƙasa, ba ƙara. Ta ce, "Har warin shanun ka kawo mini."

Ta ga ƙarshen damina a ɗakin. Bayan an yanke gero ta rasu. Kwananta ne ya ƙare, ban ce wani ya rage mata ko yini ɗaya ba. Amma tarin da ta ɗauka a rumfar kwano bai sake ta ba har ranar, kuma matan da suka zo yi mata wanka sai da suka fito da randa waje kafin su samu wurin durƙusawa.

Shekaru sun wuce. Unguwar nan ta cika, an kawo famfo, an kawo wuta. Maƙwabta sun yi bulo da kwano, da zafi irin na bana sai su fito waje su kwanta a inuwar bango. Ni da Sani muna gaisawa, muna haɗuwa a suna da jana'iza. Maganar barga ba mu taɓa yi ba. Inda bargar take kuwa na wuce sau ɗaya, na ga dogon gini mai gilashi. Ban gane ko'ina ba.

Sani ya shanye ruwansa ya ajiye kofi.

"To, Yaya, me ka ce? Ko biyar ma sun isa."

Na tashi na zaga bayan gida. Akwai guda ɗaya da ban taɓa yin komai da ita ba, tana jingine a bango tun waccan shekarar. Ita ce ta farko da na ɗaga masa a kan tarin ƙasa, mai baki kamar tsintsiya. Na kawo na ajiye a gabansa.

"Ga taka. Sa mata fitila."

Ya dube ta. Ya gane ta, na ga fuskarsa.

"Yaya, shekara nawa yanzu."

"Na sani. Ita ma ta sani, ba ta haɗe ba."

Ya sunkuya ya ɗaga ta, ya sake ta nan take yana yarfa hannu. Sartse ya shige shi a tafi. Ladi ta kawo allura, ta ce ya bar zafin ranar nan ya shiga ɗakin Inna. Ya shiga ya zauna a kan tabarma. Gashinsa ya yi furfura, ban lura ba sai ranar. Ya daɗe yana tonon hannunsa, ni ina tsaye a bakin ƙofa, don wurin bai ɗaukar mu biyu.

Can ya ɗaga kai ya dubi azara goma sha ɗaya, ya ce a hankali, "Ɗakin nan da sanyi."

Na ce, "Da ya fi haka girma."